Sifili cikin ɗari, tun hantsi har la'asar

Wasu shekaru can baya ina aiki a wani ƙaramin gidan rediyo a nan Damagaram. Ni ke kula da ordinatocin gidan, wato kwamfutoci, kuma a lokacin ji nake duk garin babu wanda ya kama ƙafata a sanin na'ura. Allah ya yafe mana ƙuruciya.

Muna da wani faifai guda da aka tara muryoyin tsofaffi na unguwannin Zango da Birni a ciki, waɗanda aka bi gida-gida aka naɗa suna ba da labarin fatauci. Yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya, kuma babu kwafi a ko'ina. Wata safiya faifan nan ya soma ƙas-ƙas-ƙas, kamar ɓera a kwano. Ina ji na san mutuwa yake shirin yi.

Na gaya wa diraktanmu, ya dafe kai yana salati. Na ce, "Shef, kwantar da hankalinka. Hoton faifan zan ɗauka gaba ɗayansa, wato cikakken kwafi, in tura ma'ajiya ta intanet. Kafin azahar an gama."

Na buɗe baƙin allon nan da ake rubuta wa na'ura umarni. Layi biyu aikin yake buƙata, dogaye masu kama da juna: ɗaya na ɗaukar hoton, ɗaya na tambayar inda aka kai. Na gwada su duka, na saki aiki. Ta amsa: ana kai, sifili cikin ɗari. Mu kuwa masu wannan sana'a ragwaye ne, ba ma sake rubuta layi. Kibiyar sama kawai muke dannawa, layin baya ya dawo, mu buga antire, maɓallin da ke sakin umarni. Haka na riƙa yi duk bayan 'yan mintoci.

Sifili. Na sha shayi na dawo, sifili.

Na ce laifin rezo ne, wato layin intanet. Shef ya fita ya ba da doka kowa ya kashe intanet a wayarsa, mai karanta labarai na ta ƙunƙuni. Azahar ta yi, sifili. Na ce to zafi ne. Shef da kansa ya ɗauko fankar bironsa, wato ofishinsa, ya juya wa faifan, mu muna gefe muna jiƙewa da gumi. Gardinmu mai gadin ƙofa ya leƙo, ya karanto abin da ya sawwaƙa ya tofa wa na'urar. Ban hana shi ba, wallahi, don ni ma a zuci addu'ar nake. Ƙarar faifan kuwa sai ƙaruwa take.

Bayan la'asar na yanke shawara. Na ce, "Shef, aikin nan ya maƙale. Zan goge duk abin da aka tura, in kashe na'urar in kunna, mu soma daga farko." Na san faifai mai irin wannan ciwo in an kashe shi ba lallai ya tashi ba, amma dabara ta ƙare mini.

Ashe Hajiya sakatariyarmu na tsaye a bayana da takardar da ta kawo wa shef ya sa hannu. Dattijuwa ce, tun zamanin tafireta take buga takardu. Ta gyara tabarau ta ce, "Ɗana, ni ban san aikinku ba. Amma lambar nan ta gefe, ɗazu da bakwai ta ƙare, yanzu da huɗu. A wajenmu takarda ɗaya ba ta sake lamba."

Na ce, "Hajiya, wannan ai..." sai idona ya faɗa kan allon. A karon farko tun safe na karanta layin da nake ta bugawa. Innalillahi! Ba na tambaya ba ne, na ɗaukar sabon hoto ne. Duk sanda na ce bari in duba, sabon aiki nake ɗora wa faifan da ke neman ransa, sabon aiki kuwa dole ya ce sifili. Nan take na buga layin gaskiya. Hotuna hamsin da biyu suka jeru. Na farkon ya cika ɗari tun ƙarfe sha ɗaya.

Shef ya ce, "Lafiya, injiniya?"

Na ce, "An gama, shef. Kwafi da yawa na yi, saboda tsaro."

Ya rungume ni yana sa mini albarka. Hajiya ta dube ni ta saman tabarau, ta karɓi takardarta ta fita.

Washegari faifan ya mutu, bai sake juyawa ba. Da na goge na kashe a ranar, da tsofaffin nan sun tafi ke nan, kuma da hannuna.

Tun daga nan ba na buga antire sai na karanta layi daga farko har ƙarshe, ko da ni na rubuta shi. Shef kuma har ya bar aiki yana yabon taka-tsantsan ɗina a gaban baƙi, ni ina sunkuyar da kai, yana cewa kunya ce da ni. Kunyar ce kuwa. Ban taɓa gyara masa ba, Hajiya ma har ta rasu ba ta tona ni ba. To yau na gyara. In kun ji muryoyin tsofaffin nan a rediyo, ku bar injiniya, ku yi wa Hajiya addu'a.