Sada Rafali, da Tafin da Na Yi a Gaban Surukina

Shekara tara ke nan cif da muka kai Sada makwancinsa. Malam Sada Rafali, kamar yadda duk Ƙofar Kwaya ta san shi, abokina tun muna firamare, tela da rana, alƙalin wasa da la'asar. Ya fi shekara ashirin yana busa usur a filayen unguwannin Katsina, ba a taɓa jin wanda ya ce ya saye shi ba. Duk shekara in lokacin ya zagayo, nakan yi masa addu'a, in je in gaida iyalinsa, shi ke nan. Bana ce kawai na ɗauki alƙalami, kuma kada wani ya ɗauka jarumta ce. Wallahi tsoro ne ya sa ni rubutun nan.

Wanda bai san Sada ba zai ɗauka gabjejen mutum ne. Ina! Ɗan tsurut ne, ga saurin fushi, ga taurin kai. Na ga ranar da ya ɗaga wa ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya jan kati a wasan ƙarshe, ya koma gida mahaifiyarsu ta yi kwana uku ba ta amsa gaisuwarsa. A shagonsa rediyo ba ta mutuwa. Da an fara labarin wasanni zai ɗage ƙafa daga kan keken ɗinki, mai jiran kaya ya jira.

Ana saura shekara ɗaya da 'yan watanni ya rasu aka yi wata badaƙala a can sama, cikin masu mulkin ƙwallon duniya. Aka ce an kama wasu manyansu a wani otal a ƙasar Turai, ana zarginsu da cin hanci, har da zancen sayar da ƙuri'a wajen zaɓen ƙasar da za ta karɓi baƙuncin gasa. Ranar ko koko ban sha ba na ji babur ɗinsa a ƙofar gida.

"Lawal! Ka ji ko? An kama su! Wallahi an kama su!"

Na ce, "To kai mene ne naka a ciki, kai da ko Kaduna ba ka taɓa wucewa ba?"

Ya harare ni. "Ƙwallon da suke sayarwa can, ita ce wadda nake busa wa usur nan. Ƙwallo ɗaya ce."

Da tsohon shugaban nasu ya sauka, sabo ya hau da alkawarin gyara, Sada ya gaskata da zuciya ɗaya. Har cewa yake daga yanzu a fili za a riƙa zaɓen mai masaukin baƙi, kowa ya ga inda kowa ya jefa ƙuri'arsa.

Bai tsaya ga murna ba, sai ya kawo wutar gida. Muna da wata 'yar ƙungiya ta kulob-kulob na unguwanni, wadda take shirya gasar kofi duk shekara. Shugabanmu na lokacin ya daɗe a kujera har mun manta ranar da ya hau, kuma kowa ya san unguwar da ta fi aika masa rago da Sallah ita ake ba gasar. Sada ya bi wakilai shago-shago, majalisa-majalisa, har sai da aka yarda a yi zaɓe, kuma ƙato bayan ƙato: ɗan takara ya tsaya, masu sonsa su yi layi a bayansa, a ƙirga kawuna ido na ganin ido. Tsohon shugaba ya sha ƙasa. Wanda Sada ya tsayar, ya fara shiga layinsa, shi ne mahaifin matata, babban mai sayar da yadi a Babbar Kasuwa. Sunansa ba zai fito daga bakina ba, ba kuma zai fito daga alƙalamina ba. Baba Alhaji nake ce masa.

Hujjar Sada ita ce mutumin ya ƙoshi, ba ya buƙatar ragon kowa. Ni kuma ya matsa aka ba ni sakatare. Ya ja ni gefe ya ce, "In ya karkace kai za ka gyara shi. Ai kai ɗan gida ne, zai ji maganarka."

Nan Sada ya yi kuskuren da har yau nake mamakin yadda Bakatsine zai yi shi. Ɗan gida? Ni fa suruki ne. Ban taɓa cin abinci a gaban mutumin nan ba. Ban taɓa haɗa ido da shi ba. In na hango shi tafe a lungu, wani lungun nake bi. Wanda ba ya iya shan ruwa a gabanka, ta yaya zai ce maka ka yi ba daidai ba a gaban jama'a? Na san haka tun a ranar, amma ban faɗa wa Sada ba, don na ji daɗin a riƙa kirana Sakatare. Bayan wata biyar ya kwanta 'yar gajeriyar rashin lafiya, Allah ya karɓi abinsa. Ya rasu yana ganin ya gyara ƙwallo a garinmu, su ma can sama an gyara tasu.

Nakan tambayi kaina, da zai dawo ya zauna gaban rediyon nan tasa, me zai ce? Sababbin shugabannin da ya yi wa murna sun zauna daram. Lokacin zaɓe ya zo, a ce babu abokin takara. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ranar da na ji yadda aka ba wasu ƙasashe baƙuncin gasa mafi girma a duniya: babu layi, babu ƙirga, sai aka ce wakilai su tafa, suka tafa, magana ta ƙare. Ni ba zan rantse cewa wani ya ci wani abu ba, ban je ba, ban gani ba. Amma na lura babu wanda ya zo ƙofar gidana da babur yana ihu. A gidan kallo gardamar wanda ya fi iya cin ƙwallo kawai ake yi, wanda yake raba filin kuwa babu mai tambaya. Da Sada na nan, na tabbata da ya kashe rediyon ranar, abin da bai taɓa yi ba.

Ashe abin yana tafe har cikin gidanmu.

Zan yi wa Baba Alhaji adalci, shekarunsa na farko sun yi kyau. Ya sai raga da aljihunsa, ya ɗinka wa kulob-kulob riguna, gasar tana zagaya unguwanni bi da bi. Daga baya aka ɗage zaɓe sau ɗaya, aka sake ɗagewa, ni ne ma na rubuta takardun ɗagewar da hannuna. Sai wani mai harkar filaye, wanda ya katange wani fili a bayan gari, ya fara yawan zama a shagonsa. Bana maganar ta fito fili: a ba wancan filin baƙuncin gasar har shekara goma, shiga sai da tikiti, sannan filinmu na bayan unguwa, wanda dattawa suka damƙa wa ƙungiya tun muna yara, a ba da shi haya a gina shaguna, tunda ba a gasa a kansa kuma.

Asabar ɗin da ta wuce aka kira taron wakilai da hantsi. Na shirya maganata tsaf, har na rubuta ta a takarda na sa a aljihu. Baba Alhaji ya miƙe da sandarsa, ya gaisa da kowa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Jama'a, ƙato bayan ƙato ya zama tsohon yayi, yana kawo gaba tsakanin 'yan'uwa. Ko manyan duniya yanzu tafi suke yi. Wanda ya yarda in ci gaba da riƙon ƙungiyar nan, ya kuma yarda da maganar fili, ya tafa."

Kafin a tafa ya juyo inda nake. "Malam Lawal, ko akwai magana?"

Takardar tana aljihuna, ina jin ta a ƙirjina. Na sunkuyar da kai na ce, "Babu, Baba." Kuma na tafa. Ni na fara tafawa ma, saura suka bi.

Mutum ɗaya ne ya harɗe hannu, Oga Bitrus, kafinta ɗan Filato da ya daɗe yana horar da kulob ɗin unguwarsu, tsohon abokin gardamar Sada. Da aka watse ya same ni wajen babur. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi, "Sakatare, mu wajen shida muka yi shawara, in ka buɗe baki mu bi bayanka. Da ka tafa, sai kowa ya ce to, wanda ya fi mu sanin ciki ya yarda."

Talata na bi ta filin na tarar da mutane da igiyar awo, suna kafa turaku daidai inda raga take. Abu ɗaya ya rage musu: takardar taron, wadda ta ce an amince baki ɗaya. Sai sakatare ya sa hannu take zama hujja, kuma sau biyu ana aiko mini da ita.

Ina tsoron abu biyu, ban san wanne ya fi ba. In na sa hannu, filin ya tafi, kuma ba ya dawowa. Wanda ba shi da kuɗin mota da na tikiti ya gama kallon gasar unguwarsu. In na ƙi, a garin nan za a ce Lawal ya yi wa surukinsa rashin kunya a bainar jama'a, kuma wannan suna ne da ake mutuwa da shi, har 'ya'ya su gada. Matata ta ce da ni, tana kuka, "Malam, Baba ya tsufa. Kada ka tozarta shi a kan ƙwallo." Ita ma ba ƙarya ta faɗa ba. Shi ne ya ba ni ita lokacin da ba ni da komai.

To me ya rage na Sada bayan shekara tara? Na auna, na sake aunawa. Zaɓen da ya yi faɗa a kansa an binne shi da tafi. Mutanen da ya yarda da su, daga na can sama har Baba Alhaji har ni, duk mun ba shi kunya. In da sakamako ake auna mutum, Sada ya faɗi warwas. Amma sau biyun nan da aka kawo mini takardar, na ɗauki biro, hannuna ya ƙi. Ba ni da wannan halin, na san kaina, matsoraci ne ni tun ina yaro. Zama da Sada ne ya bar mini shi, kuma iyakar gadon da na samu ke nan. Allah ya jiƙan Sada, ya yafe masa yardar da ya yi da ni.

Saboda haka ga abin da na kasa faɗa ranar Asabar. Ban yarda ba, Baba. Tafin da na yi na ƙarya ne, kuma ba zan sa hannu ba sai an yi layi an ƙirga. Na san faɗar haka a jarida maimakon a gabanka shi ma wani tsoron ne, amma iyakar ƙarfina ke nan.

Jaridar nan za ta isa shagon Baba Alhaji kafin azahar, kuma ba za a rasa mai karanta masa ba. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci zan je gidansa, in tuɓe takalmi tun daga zaure, in durƙusa in ce, "Baba, barka da Juma'a." Ban san ko zai amsa ba.