Totuwar Masara a Tifar Kawu

Ana idar da sallar asuba muka bar Daura a kan babur, ni da abokin aikina, akwatin sifanoni yana dukan bayana. Kawu ne ya kira daga ƙauyensu da ke gaba da Zango, wai tifarsa ta ƙi ɗaga baya. An ce masa famfon haidirolik ya mutu, har ya ware ɗaya daga shanun huɗarsa biyu zai kai kasuwar Mai'adua ya sayi sabo. Ga damina ta sauka, sa ɗaya kuwa ba ya jan garma. Abin ya tsaya mini a rai.

Kwalta lafiya lau har Zango, gero ya fara leƙowa hagu da dama. A tasha muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance, kuɗinsa ya yi ƙiba, har abokina ya tambayi mai suyar ko na yaye ne. Daga nan sai yashi, babur na rawa muna taya shi.

Mun tarar da tifar a gindin gawo, maƙare da yashi, san kuma a ɗaure kusa da ita. Na tayar da inji na ja libar ɗaga bodi. Silinda ta miƙe rabi tana karkarwa, famfo na kuka kamar akuyar da aka raba da ɗanta. Muka tokare bodin da gungume kafin in sa kai. Mai a cike yake, tiyo ba ya yoyo, silinda a bushe. Sai idona ya kai bakin tankin man haidirolik: totuwar masara ce naɗe da leda, an danna ta tam.

Na ce, "Kawu, ina murfin?"

"Ya faɗi a hanya, ɗan nan. Innarka ta toshe mini yadda take toshe galan ɗin man gyaɗa. Ko ɗigo ba ya fita."

"Ai kuwa ko iska ba ta shiga."

Murfin asali yana da 'yar ƙofar shan iska. In mai ya tafi silinda dole iska ta maye gurbinsa, in ba haka ba famfo ya yi ta zuƙa a banza. Na zare totuwar, tanki ya yi ajiyar zuciya. Na ɗaure bakin da tsumma mai tsabta kafin a samo murfi, na sake jan liba. Bodi ya tashi tsaye, yashi ya zube.

Inna dai ba ta karɓi laifi ba. Ta dire mana ƙwaryar fura ta ce, "Ni aikina bai taɓa yoyo ba." Kawu ya je ya kwance san, ya daɗe yana shafa tozonsa. Ni kaina sai da na kau da kai.

Mun iso Daura kafin magariba, ƙura har gira. Na dawo da darasin cewa a fara duba ƙaramin abu kafin a yanke wa babba hukunci. Ranar kasuwar Mai'adua na kira Kawu, ya ce in yi sauri in faɗi abin da ke tafe da ni, yana tsakiyar huɗa.