Uwar Tukunyar Mma Filomina

Ranar Talata, takwas ga watan Afrilu, da hantsi, Mma Filomina Ziem ta rasu a ɗakinta da ke bayan kasuwar Nandom, bayan jinyar da ta cinye mata dukan azumin Ista. Ina riƙe da ƙoƙon kunu ina lallashinta ta ƙara kurɓa ɗaya, sai na ga hannunta ya saki zanena. Ni ce Rejina Ayuo, wadda ta yi aikin fito, wato giyar dawa, a gindin murhunta tun ina sabuwar bazawara har furfura ta fito mini. Ba ni da ilimi mai zurfi. Amma akwai abin da ya faru bayan tafiyarki, Mma, wanda ban sami wanda zan gaya wa ba sai ke.

Kin ɗauke ni lokacin da mijina ya mutu a ramin zinariya, danginsa suka ce ba su da wurin ajiye ni da 'ya'ya biyu. Ba ki yi mini wa'azi ba. Kin miƙo mini muciya kika ce in juya, kada ya kama. A hannunki na koyi jiƙa dawa, da shimfiɗa ta a rufe har ta yi tsiro, da sanin ƙamshin da ke nuna tsiron ya isa shanya. Na koyi daka ɓawon dargaza don ruwan ya kwanta ya yi garau. 'Ya'yana da dusar tukunyarki suka yi makaranta, don ke kika ce in riƙa kwashewa ina kiwon aladu, ba ki taɓa tambayar ko nawa na sayar ba.

Duk Nandom an san bakinki a kan giya. Marigayi mijinki, Baba Dery, magini ne, duk inda aikin coci ya kai shi kina biye da shi da tukwanenki. Kin zauna Bolga, kin zauna Kara a Togo, kin zauna Bobo, har Jos kin yi damina biyu. Ko'ina kin shiga gidan mata 'yan'uwanki kin zauna kin sha, kin leƙa tukunya. Kina cewa ta Kara kunu ce da ta yi fushi, mutum ya sha ƙwarya biyu ya manta da tuwo. Ta Bobo kuwa ja ce, mai zaƙi, kyakkyawa kamar amarya, amma ba ta kwana. Burkutun Jos kina girmama shi, kin ce na masu noman dutse ne, taunawa ake yi. Ta Bolga ce kawai ba ki taɓa raga wa ba. Kin ce Farafara, mutanen can, ba su san bambancin giya da ruwan tsamiya ba.

Ina tuna ranar da Fada Yos, tsohon limamin cocinmu, ya dawo daga hutu a ƙasarsu ta Beljiyam da kwalba biyu a jaka, musamman don ki ɗanɗana. Ta farko fara ce mai ɗaci. Kika kurɓa, kika yamutsa fuska, kika ce, "Fada, wa ya yi muku laifi kuka dafa masa maɗaci?" Ya yi dariya har gilashinsa ya zame. Ta biyu baƙa ce, ya ce masu zaman zuhudu ne ke yin ta. Kika ɗaga kwalbar sama kika ga wani abu ya kwanta a gindinta. Da kika sha kika ce, "Wannan kam tana da uwa. Ka gaida su." Kin daɗe kina ba da labarin nan. Giyar kanti kuwa kina cewa an kashe ta kafin a rufe, alhali tamu tana numfashi a cikin ƙwarya.

Garuruwan nan su suka zama ma'aunin aikina. Kowace safiyar da tukunya ta tashi, ni ke kawo miki ƙoƙon farko. Sai ki kurɓa, ki riƙe a baki, ki kalli sama. In ban tace da kyau ba, ki ce, "Yau kin kai mu Kara." In wuta ta yi kaɗan zaƙi ya yi yawa, "Bobo muka kwana." In na bar shi ya yi tsami, ki tofar ki ce, "Rejina, me na yi miki kika mayar da ni Bolga?" Ranar da komai ya daidaita kuwa, sai ki ajiye ƙoƙon a hankali ki ce, "Muna gida." Ba kullum nake jin kalmar nan ba. Ranar da na ji ta, ko itace aka ɗora mini ba na jin nauyi.

Abu ɗaya ne ba ki bayarwa. Uwa. Ɗamarar nan ta saƙar rama da ake tsomawa a ruwan tsiro in ya huce, ta tashe shi ya yi kumfa ya zama fito, sannan a cire ta a rataye a hayaƙi ta bushe da ƙarfinta a jiki. Taki daga hannun mahaifiyarki ta fito. In saƙar ta tsufa, sai ki tsoma sabuwa tare da ita a tukunya ɗaya, ƙarfin ya koma. Haka kika yi ta yawo da ita ƙasa ƙasa a ƙunshe cikin zani. Baƙa ce ƙirin, ta yi tauri, tana wari mai tsami. Mata sun zo roƙo, kin ba su dawa, kin ba su itace, kin ara musu randa, amma da an zo kan uwa sai ki ce su je kasuwa, akwai masu sayar da busasshiyar kumfa. Ni ma ban taɓa yin tawa ba, tunda murhunmu ɗaya.

Da ciwo ya yi tsanani muka kashe wuta, na wanke hannu na koma jinya. Wata rana da yamma kika nuna mini inda take rataye kika ce, "In na tafi, kada ki bari a shayar da mutane giyar wata a kaina. Da uwata za ki sallame ni." Na ce to. Ban ɗauka abu ne mai wuya ba.

Aka kai gawarki ɗakin sanyi na asibiti a jira dangi su taru. Ɗanki Kilemen ya iso daga Kumasi da matarsa Efuwa. Mma, kin san Efuwa, 'yar kudu ce mai tsabta, kuma tana ƙaunarki. Ta ce ba za a tara baƙi a gidan surukarta a ga datti ba. Ranar da na tafi Hamile sayen jar dawa, ta ɗaura zani ta share gidan kaf. Randunan da muke tashin giya a ciki, waɗanda ba a sa musu sabulu, ta goge su da soso har suna ƙyalli. Ta ga wani baƙin tsumma a hayaƙi, ta sauke shi, ta tafasa shi da sabulu, ta canza ruwa ta sake tafasawa.

Da na dawo na tarar da ita a kan igiyar shanya, tsakanin ɗankwali da tawul. Fara sol. Efuwa ta taho da murmushi tana cewa, "Anti, kin ga yadda ya fita? Da ƙyar na ci ƙarfinsa." Ban san lokacin da buhun ya faɗi daga kaina ba. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar da kika cika. Da Kilemen ya gaya mata abin da ta wanke, ta shiga ɗaki ta ƙi cin abinci.

Na gwada duk da haka. Na dafa kaɗan a ƙaramar tukunya na tsoma ta. Gari ya waye ruwan yana kwance, ba kumfa, ba motsi. Na kara kunne a bakin tukunyar ko zan ji ɗan sautin nan kamar yayyafi. Shiru. Kilemen ya ce, "Anti Rejina, a sayo ta kasuwa mana. Wa zai gane?" Gaskiyarsa ne, masu makoki ba za su gane ba, in dai ta bugar. Amma ni na ce miki to. Tsiro ya riga ya bushe, an niƙa, ranar jana'iza tana matsowa, ni kuwa ko barci ba na yi.

Ranar da muka hura babbar wuta, ina tsaye ina juyawa ba tare da na san da me zan tashe ta ba, sai na ji murya daga ƙofa: "Ina ɓarayin kan kare? An ce tsohuwar ta gudu don kada ta biya ni karena!" Akolpoka ce, Bafarafarar nan mai gidan giya a ƙetaren kasuwa, wadda kuka yi shekaru kuna zagin juna. Tsakaninmu Dagara da Farafara wasa ne tun kakanni, ana tsokanar juna a kan satar kan kare, ko a gaban gawa ba a hana mu. Amma ranar ba ni da ƙarfinsa. Na ce, "Mma Akolpoka, yau ki ƙyale ni."

"In ƙyale ki? An ce kun wanke wa giya uwa da sabulu. Dagara! Gobe sai ku wanke gishiri."

Ta zauna a kan turmi ba wanda ya ba ta wuri, ta kwance bakin zaninta, ta fito da wani ƙunshi ta jefa mini a cinya. Ɗamara ce, baƙa, mai tauri. Na ce na gode, amma kin hana a sa ta wata.

"Ta wata? Shinshina, 'yar banza."

Na kai hanci. Mma, warin ɗakinki ne.

Sai ta ba ni labari, tana yi tana kallon wuta. Shekarar da ruwa ya rushe mata gida ya tafi da tukwanenta, kowa ya zo jaje ya tafi. Ke kika zo da rana tsaka kina zaginta tun daga hanya, cewa Allah ya hutar da Nandom daga ruwan tsamiya. Da kuka shiga daga ciki kika zaro wuƙa, kika yanka taki uwar gida biyu, kika ba ta rabi. Kika ce in ta gaya wa wani sai kin ce sata ta yi. Tun ranar da ita take aiki. Na tuna shekarar, na tuna na tambaye ki me ya sa uwa ta gajarce, kika ce ɓera ne.

Na ce, "To duk tsamin nan da take zagi?"

Ta ce, "Uwarta ce. Hannuna ne na Bolga. Mu haka muke so, a sha a san an sha." Ta ja ɗankwali ta rufe fuska ta ce hayaƙin Dagara ma mugu ne.

Na kira Efuwa ta fito. Da ruwan ya huce na sa ta riƙe gefe ɗaya na riƙe ɗaya, muka tsoma. Na ɗauko farar da ta wanke na tsoma tare da ita, yadda kike yi in za ki raya sabuwa. Da safe tun daga ƙofa na ji yayyafin. Kumfa ta hau har tana zuba ta gefen randa. Efuwa ta durƙusa a wurin tana ta kuka.

An zaunar da ke a kan gadon makoki kamar yadda al'adarmu take, da zanenki na Ista, makaɗa suna buga kayan kiɗanmu na katako, mutane daga Lawra da Hamile da ƙetaren iyaka. Giyarki aka sha, ba ta wata ba. Kowa ya ce ta yi. Amma Mma, abin da ke damuna ke nan. Na ɗebi ƙoƙon farko na juya zan kawo miki, sai na tsaya a tsakar gida da shi a hannu. Na kurɓa da kaina, na riƙe a baki, na kalli sama kamar yadda kike yi. Na ji gida a ciki. Na kuma ji wani ɗan tsami can ƙarshen harshe wanda ban sani ba ko shekarun da ta yi a hannun Akolpoka ne, ko hannuna ne, ko bakina ne da kuka ya ɓata. Na miƙa wa Akolpoka, ta sha ta ce ruwa ne kawai, irin na Dagara. Ba wanda zai gaya mini gaskiya yanzu. Na zuba sauran a ƙasa a gabanki na jira. Ban ji komai ba sai kiɗa.

Na sake hura wuta a makon nan, don masu zaman bencinki sun fara dawowa. Uwa biyu ke rataye a hayaƙi. Na mayar wa Akolpoka tata, farar kuma ta fara yin duhu, na raya wata a gefenta saboda tsoro. Kowace safiya ina ɗanɗanawa ni kaɗai, ban san garin da na kai mu ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Kilemen da ƙannensa mata, Sisiliya da Odet, da jikoki, da dukan gidan Ziem. Efuwa, ki saki ranki, ƙauna ce ta sa ki, kuma da hannunki aka tashe ta. Mma Akolpoka, ke ma an yi miki rashi, ko da ba za ki yarda ba. Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya.

Mma Filomina, Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki kurakuranki, ya saka miki da abin da kika yi a fili da wanda kika ɓoye kika ɗora wa ɓera. Kin yi yawon ƙasashe da ƙunshi a zani. Ubangiji ya sa wannan ce tafiya ta ƙarshe, ya karɓe ki da hannu biyu, ya miƙo miki ƙoƙon farko, ki kurɓa, ki ajiye a hankali, ki ce muna gida. Amin.