Guɗar da Mama ta yi a majami'a

Wata Juma'a ce cikin Disamba, shekarar da na cika goma sha ɗaya, aka jera mu a gaban babbar majami'a a Dubai, inda a lokacin ran Juma'a ake sujada, yaran makarantu shida, kowa da farar riga da jan ƙyalle a wuya. Indiyawa ne, 'yan Filifin ne, Turawa ne, sai mu 'yan Najeriya uku. Ni aka ba baitin da murya ɗaya ke rerawa.

Wata biyu na yi ina koyon baitin nan. A unguwar Al Nahda muke zaune, gida ɗaya iyali uku, katako ne ya raba mu da maƙwabta, ko tari ka yi sai sun ji. Don haka a matakalar bene nake koyo, bayan na gama wanke-wanke na kwashe shanya daga baranda, sauran yara suna 'yar ɓuya a bayan motoci. Mama tana gyaran ɗakuna a wani otal a Deira, kuma Juma'a ba ta hutu. Sai da ta yi wa wata abokiyar aikinta aikin kwana uku kafin ta samu ranar. Ta ciro zanin zumuntar mata da ta zo da shi daga Kafanchan, ta goge shi har sau biyu.

Malamarmu ta ja mana kunne cewa bayan baitina za a yi shiru na ɗan lokaci kafin sauran yara su shigo, kada kowa ya ko motsa. Na rera, wallahi na rera da kyau. Shirun nan na sauka, sai ji na yi an rangaɗa guɗa daga can baya, doguwa, irin wadda mata ke yi a cocinmu na gida. Kawuna suka juya gaba ɗaya. Mama ce a tsaye, hannunta a sama, hawaye shaɓe-shaɓe. Yara suka fashe da dariya, layin baya suka shigo ba daidai ba, malama ta yi ta kaɗa hannu. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

A tashar bas ta miƙo hannu za ta gyara mini ƙyalle, na goce. Na ce, "Mama, kin kunyata ni. Nan ba ƙauye ba ne." Ta janye hannunta, ta ce, "To Rifkatu, khalas, shi ke nan. Ba zan sake ba."

Ba ta sake ba kuwa. Duk waƙar da muka yi bayan nan tana zuwa, ta zauna a baya, ta tafa a hankali kamar kowa. Ranar da na gama sakandare ma tafi ta yi. Na sha yin niyyar ba ta haƙuri, girman kai ya hana ni, ina cewa ai ta manta. Ciwo ya mayar da ita gida Kafanchan, ta rasu ba ta ga aurena ba. Abin yana cina har yau.

Yanzu ran Lahadi ake sujada, majami'ar ma ta cika da 'yan Afirka, mai guɗa ya yi, ba mai waiwayowa. Bara 'yata ta tsaya a layin gaba da farar riga. Da suka gama na miƙe na buɗe baki, sai na tarar ban iya ba. Wadda za ta koya mini, ni da bakina na hana ta.