Ranar da Yaya Nasiru Ya Nemi Tsirkiya Mai Laushi

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Nasiru, Allah Ya jiƙansa. Mutanen unguwar Deira, a nan ƙasar Larabawa, da suka san shi, da abin kiɗansa suka san shi: wani ƙaton gogen Turawa da ake kira dabal bas, wanda ya fi shi tsawo, a tsaye ake kaɗa shi. Shekara goma sha biyu yana kiɗa a wani otal, kuma bizarsa a hannun otal ɗin take. Ni kuwa ina aikin fitar da kwantena a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali, ɗakinmu ɗaya a unguwar International City.

Tsirkiya huɗu ce a jikin abin, kuma Yaya ba ya wasa da zaɓensu. Yakan ce ta hanjin dabba ta fi murya, amma laimar garin nan ba ta barin ta ta daɗe. Shi kullum ta ƙarfe yake saye, mafi kauri, wadda sai mai ƙarfin yatsu ke iya danne ta. Har nuna mini kantar yatsunsa na hagu yake yi, yana dariya.

Wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, ya ce in raka shi Al Buteen, shagon wani dattijo mai sayar da kayan kiɗa. Dattijon na ganinsa ya miƙo irin tsirkiyar da ya saba. Yaya ya ture ta gefe.

"Ba ni mafi laushi."

"Kai, habibi, abokina? Ai wannan ta masu koyo ce."

"Khalas, shi ke nan, ita nake so."

Ya miƙa hannun hagu zai karɓa, ƙunshin ya suɓuce ya faɗi. Ya daɗe yana kallon hannun kamar ba nasa ba, sannan ya ɗauka da dama. A cikin tasi na ce, "Yaya, hannun nan fa?"

"Sanyin ɗaki ne. Kada in ji zancen nan a bakin kowa, Kabiru. In otal suka ji, wani za su ɗauko."

Na ja bakina. A gidanmu ba a ja da babba. Ina gani maɓallin riga ya fara gagararsa. Ina gani shayi yana zubowa ta gefen bakinsa, yana gogewa da sauri. Sabuwar tsirkiyar ma, da ya ɗaura ta, sautin ya fito siriri, yana rawa. Kwana ashirin da zuwanmu shagon, da safe, ya sunkuya zai sa takalmi, bai ɗago ba. Likita ta ce jijiya ce ta toshe a ƙwaƙwalwa, kuma irin wannan yakan yi gargaɗi kafin ya zo. Kwana biyu ya ƙara, ya cika.

Yanzu shagon dattijon wayoyi ake sayarwa a ciki. Otal ɗin kuma na'ura ce ke yi musu kiɗa. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga aikin da ya ɓoye ciwonsa dominsa, ko shekara biyu bai ƙara ba bayansa. Ina jin dariya zai yi, ya ce aƙalla na'ura ba ta neman biza. Gogen yana nan jingine a kusurwar ɗakina, tsirkiyoyin sun fara tsatsa. In babbar mota ta wuce, yakan yi wani gurnani shi kaɗai, ba wanda ya taɓa shi.

Me ya rage na Yaya? 'Ya'ya uku a Kano, masu irin dogayen yatsunsa, da matarsa, Anti Rabi, da ta riƙe su ita kaɗai. Ranar sadakar uku ta kira ni, ta ce, "Kabiru, tsakaninka da Allah, ba ka ga wata alama ba?" Na ce ban gani ba. Na san tana karanta wannan shafi. Anti Rabi, na gani. Ki yafe mini.