Shekarar da Rumbunmu Ya Shafa Humra

Matso nan ka ji, don wannan abu ko ƙasa ta rufe min ido ba zan manta ba. Ana saura kaɗan Nasara su tafi ne, ina sabon aure a wani ƙauye kusa da Tirmini. Shekara biyu ƙwari na cinye mana irin wake a rumbu, sai mu buɗe mu tarar da gari. Maigida ya ce in an yi ta uku, gonar ya bari, ya tafi Zangon Damagaram dako. Ni kuwa ko ƙofar gida nisa take min.

Sai mushen noma, wato malamin gona, ya zo daga Damagaram da wani farin garin magani, ya ce a barbaɗa wa iri, amma kada a ci. Maganin nan wari gare shi kamar mushen jaki! Surukata ta toshe hanci ta ce, "Wannan ba zai kwana gidana ba."

Ina daka sai na ji ƙamshi ya cika gida. Na ruga ɗaki, babu kwalbar humrata, wadda kakata Babarbariya ta haɗa min da man kanumfari da sandal. Na tarar da maigida bakin rumbu, ya juye ta kaf cikin maganin, yana cakuɗa wake da ludayina.

"Malam, humrar tawa?"

"Yi haƙuri, Inna nake lallashi," in ji shi.

Na yi kuka har da majina.

Da damina ta kawo kai aka buɗe rumbu, ga wake sumul, ko huda ɗaya babu. Maigida ya hau bugun ƙirji a dandali, wai asirin a humra yake. Kafin kaka, babu macen da kwalbarta ta tsira a garin. Rumbuna na ƙamshi, matan gida na warin hayaƙi. A bakin rijiya wata dattijuwa ta tare ni: "Ke 'yar nan, mijinki ya kashe mu! Yanzu wake ne amarya?"

Dole na koma soya kanumfari da man gyaɗa ina ba maza, suka sakar mana kwalabe. Zango dai ba mu je ba.

Har yau ban san wanda ya kashe ƙwarin ba, maganin ko humrar. Abin da na koya, in namiji ya shiga gwaje-gwaje, ɓoye abin da kake so. Kai da ka yi lakwal, ka san boko, gaya min, wanne ne ya yi aikin?