Hayaƙin Ɗakin Suyar Gwaggo

Jiya ina wucewa ta bayan kasuwar Kankia na ji ƙamshin gyaɗa ana soyawa, hayaƙin ya bugi idona har na yi hawaye. Nan take na tuna Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni a Kunduru.

Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ne sana'arta. Ɗakin suyarta ba taga, bangonsa ya yi baƙi ƙirin. In itace ɗanye ne, sai ta haɗa da kara da leda, ta duƙa tana hura wuta, tana share ido da bakin zane. Ni kuwa ba ta bari in daɗe a ciki.

"Fita waje, ɗiyata," take cewa. "Idonki sabo ne, nawa ya riga ya saba."

Ashe bai saba ba. Da yanar ido ta rufe mata gani muka kai ta asibiti, likita ya ce daɗewa cikin hayaƙi na iya zama cikin sanadin. Aka sa ranar aiki, amma rai bai kai ba.

Zuwana na ƙarshe na kai mata jaririna. Ta shafa fuskarsa da yatsu a hankali, daga goshi zuwa haɓa.

"Da wa ya yi kama?"

Na ce da Baba.

Ta yi dariya ta ce, "To, na san wannan fuskar, ba sai na gani ba."

Allah Ya haskaka kabarinki, Gwaggo, Ya sa ki buɗe ido a Aljanna.